Batiri Biyu a Kan Faifai

Batiri biyu ne ƙanana, ba su fi ɗan yatsa ba, an jera su a kan faifai kusa da kuɓewar da ake shanya. Mubashir yana dawowa daga rakiyar masu gaisuwar sadakar bakwai ya hango su, nan take ya tsaya cak.

Mubashir malamin kwamfuta ne a wata makaranta a Kaura Namoda, in dai za a kira mutum malamin abin da ba ya kunnuwa. Kwamfutoci tara ne a ɗakin, duk a lulluɓe da zane, don wuta takan yi mako uku ba ta leƙo ba. Da alli yake koyarwa: yadda injinan farko suka cika ɗaki guda, yadda aka zo zamanin baƙin gilashi da sai ka rubuta wa inji umarni kalma-kalma, yadda daga baya aka samu manhajar da ke buɗe tagogi. Ɗalibai su haddace, su ci jarrabawa, alhali ba wanda ya taɓa danna komai.

Abin da ke aiki ɗaya ne tak a makarantar, shi ma na abokin aikinsa ne, Choji, mutumin Filato. 'Yar na'ura ce kamar tafin hannu, ana rubutu a fuskarta da ɗan tsinke. Choji yakan ce waɗanda suka ƙera ƙwaƙwalwarta marowata ne na ƙarshe. Sun koya mata kurɓar wuta kaɗan-kaɗan, tana gama aiki sai barci, ko da tsakanin harafi da harafi ne, shi ya sa batiri biyu ke kai ta wata ɗaya da rabi. Sai dai ba ta da ma'ajiya irin ta manyan kwamfutoci.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, jita-jita ta tsorata matar Choji, ta kafe sai sun koma gida. A tasha ya damƙa wa Mubashir na'urar. Wayar da ake juye abin cikinta zuwa kwamfuta kuwa tuni ta shige ƙarƙashin kaya a bayan mota.

"Malam, ko ka kashe ta, ba mutuwa ta yi ba, barci take," in ji Choji. "Batirin ne ke riƙe mata abin da ta sani. In za ka canza, minti ɗaya gare ka. Ka wuce haka, har sunanka sai ta manta."

Bayan wata biyu ciwo ya kwantar da mahaifin Mubashir, Malam Yari, a Gurbin Bore. Tsohon nan yana ɗan shekara shida kawunsa ya ɗauko shi a jaki daga hayin iyaka, shekarar da fara ta cinye gero. Kawun ya rasu a Shinkafi, yaro ya tashi a hannun mutane. Shekara saba'in bai taɓa ɗaga zancen ba, sai da ajali ya matso abin ya fara dawo masa gutsure-gutsure. Yau ya tuna gari, gobe ya tuna rijiya mai baki biyu, jibi sunan mahaifiyarsa da na ƙanwarsa Maimunatu da aka bari a goye. Mako biyar Mubashir yana zaune a gefen tabarma yana rubutawa a na'urar, har garuruwa goma sha ɗaya na hanyar gida suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Takarda fa? Akwai ta mana, amma ina malamin kwamfuta zai ɗauki biro a gaban jama'a! Bai ma wahalar da kansa da haddacewa ba, tunda ga mai riƙe masa.

Ana jibi zai cika, tsohon ya kama hannunsa ya ce, "Ka tafi ka gaya wa dangina ban ɓata ba. Ka ce na yi gona, na bar ɗiya." Mubashir ya yi alkawari, ya sa ranar tafiya washegarin sadakar bakwai.

To, Inna Uwani, mahaifiyarsa, mace ce mai tattali. Tun aurenta ba ta barin batiri a cikin rediyo ko tocila in ba amfani ake yi ba, kuma duk garin an san batirin da ya yi sanyi rana ce maganinsa. Jiya ta ji ɗanta yana cewa batirin ya fara rauni, irinsa kuma ko a kasuwar Zurmi babu, sai Kaura. Da hantsi, yana waje da baƙi, ta laluba aljihun rigarsa, ta sa farce ta buɗe murfin na'urar, ta shanya batiran a rana. Yanzu ga shi har an yi la'asar.

Ya tsuguna ya ɗauke su, da zafinsu, ya mayar. Ya kunna. Fuskar na'urar ta haska tas, ta nemi ya taɓa tsinke a kan alama, sannan ta tambaye shi kwanan wata, daidai yadda Choji ya ce sabuwa take yi. Ya buɗe wurin rubutu, wayam. Ya kashe, ya kunna, ya sake buɗewa. Wallahi da akwai wanda zai kama da faɗa da ya ji sauƙi, amma wa? Ya rufe ido yana lalube a kansa. Maimunatu. Rijiya mai baki biyu. Garuruwa uku suka zo masa, su ma bai san wanne ke gaba da wanne ba. Sunan kakarsa kuwa, da ya ji sau ɗaya cikin muryar da ta shaƙe, ya bi iska.

Inna Uwani ta fito daga ɗaki da mayafin takaba, ta ga hasken, fuskarta ta saki karo na farko cikin kwana bakwai.

"Ta kama ko? Ai na san rana za ta tashe su. Yanzu sai su kai ka su dawo da kai."

Bai iya ɗaga kai ba. Ta jawo tabarma ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya kamar mai jin kunyar bango.

"Karanta mini kafin ka tafi. Shekara arba'in da huɗu ina zaune da bawan Allahn nan, kunya ba ta bar ni na tambayi sunan wadda ta haife shi ba."

Mubashir ya dubi farar fuskar na'urar.

"Inna, bari batirin ya ɗan huce tukuna."

Ta gyaɗa kai, ta gyara zama, ta harɗe hannuwa a cinya tana jira.