Wutsiyar Ragon da Bai Mutu Ba

Gajere na Mawashi ba maƙaryaci ba ne, a yi masa adalci. Ƙarya ɗaya ya yi a bana, ita ma a bakin gadon asibiti, amma da yake bai iya ba, sai ya yi ta har da wutsiya.

Shekarar ce ta zo masa a karkace. Daminar bara ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da ya shiga rumbu bai kai su bazara ba. Ana cikin haka matarsa Rahamatu ta kwanta da ciwon ciki, aka kai ta asibiti a Kankia aka yi mata aiki. Can Babbar Sallah ta same ta. Akwai wani rago fari mai baƙin kunne da ta yi kiwo da hannunta tun yana tangaɗi, tana kiransa Sarkin Ci. Ragon nan Gajere ya sayar wa taubashinsa Nata'ala na Yashe, aka sayi magani, bai gaya mata ba.

Ranar Sallah da yamma ya zo duba ta, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Malam, an yi layya?"

Ya ce, "An yi."

"An aje wutsiyar?"

Nan ya kamata ya yi shiru. Ina! Sai ya ce an aje, da hannunsa ya shafe ta da gishiri, tana nan rataye a madafa, wata ƙatuwa mai kitse.

To, wutsiyar ragon layya ba a cin ta da Sallah. Busar da ita ake yi a ajiye sai daren cika-ciki, tara ga watan Muharram, a jefa ta a miya, kowa ya ci ya ƙoshi. Tsofaffi sun ce wanda ya shiga sabuwar shekara da yunwa, da yunwa zai ƙare ta. Malamai sun sha faɗa cewa babu wannan a littafi. Mata sun ce sun ji, suka ci gaba da ajiye wutsiya.

Aka sallamo Rahamatu, ciwo ya warke, amma ci ya ƙi. Likita ya ce abinci kawai ya rage mata. Ƙanwarta Haulatu, wadda ta zo jinya, ta dama kunu, ta yi fate, ta yi dambu, duk a banza. Rahamatu sai ta kai cokali baki ta ajiye. Ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi da kansa. Kullum maganarta ɗaya: "Bakina ba ɗanɗano. Ku bari sai daren cika-ciki, in an dafa wutsiyar, zan ci."

Gajere tsoro yake ji, tsoro na gaske. Gani yake in daren nan ya wuce ba ta ci ba, ba za ta ga girbin bana ba.

Ranar tara ga wata da safe Haulatu ta tare shi a zaure, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, na duba madafa har cikin jinka. Igiya kawai na gani."

Ya ce, "Ki ɗora tukunya. Wutsiya tana tahe."

Ya fara da maƙwabta. Bana waɗanda suka yi layya a unguwar ba su da yawa, masu wutsiyar kuwa sun tsare ta kamar ita ce gadon ubansu. Wani ya ce matarsa ta kulle tasu a akwati ta tafi unguwa da makulli. Wani ya miƙo masa ta akuya, 'yar mitsitsiya kamar ɗan yatsa. Gajere ya juya ta ya mayar. Rahamatu ko a mafarki ta san wutsiyar akuya.

Sai dabara ta faɗo masa. Nata'ala ai ya yi layya da ragon, wutsiyar tana gidansa. Ya hau keke ya nufi Yashe, yana tafe yana shirya roƙo.

Yana yin sallama a ƙofar gidan, wa zai amsa masa? Sarkin Ci. Yana tsaye a gindin dalbejiya, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke, yana tauna hannun rigar da aka shanya. Wutsiyar kuwa tana nan a mazauninta, tana kaɗawa.

Nata'ala ya fito yana ɗaure tazuge. Ya ce, "Ka zo ganin ɗan'uwanka? Wanga rago da ka sayar mani ya san kwanan wata. Ranar jajibere ya tsinke igiya ya shiga daji. Mun nema har Kusada. Sai da kwanakin layya suka wuce tas ya dawo da ƙafarshi, ya tsaya nan yana jiran dusa. Tun ranar ya cinye mani danga, ya cinye tabarma, jiya ya fara buta."

Gajere bai yi dariya ba. Ya ce, "Wutsiyata na zo karɓa."

"Wace wutsiya?"

"Rago na sayar maka. Ka ji na ambaci wutsiya ranar ciniki?"

Tsakanin taubasai ba a fushi da irin wannan, sai dai a rama. Nata'ala ya ce shi ma bai ji an ambaci ƙaho ba, ko su ma za a cire? Gajere ya ce ƙaho ya yafe. Nata'ala ya ce Allah ya saka. Suka yi ta yi har rana ta take, sai Gajere ya gaji, ya zauna a kan turmi ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi. Nata'ala ya daina dariya.

Ya ce, "Wutsiya na ba ka, duniya da lahira. Amma rago ba ni yanka shi yau. Na rantse ragon da ya kunyata ni gaban surukaina, ranar Sallah zai mutu, ko da shekara goma zai yi yana gudu."

Gajere ya zaro wuƙa ya ce to a yanke masa rabonsa. Nata'ala ya ce a bari a tambayi Malam Ishaq tukuna. Suka ja ragon har zauren malamin, ɗaya riƙe da igiya, ɗaya riƙe da wutsiya, kowa da kayansa.

Malam Ishaq ya saurare su har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shekara da shekaru yana karantarwa ba a taɓa kawo masa rago mai iyayengiji biyu ba. Sannan ya ce, "Abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye, mushe ne, ba a ci. Kuma ragon da aka guntule wa wutsiya bai yin layya baɗi. Kyauta ta tabbata, wutsiya ta Gajere ce. Amma ba ta rabuwa da ragon."

Gajere ya ce, "To, Allah gafarta Malam, yaya zan kai kayana gida?"

Malam ya ce, "Ka ɗauki wutsiyarka ka tahi. In rago ya bi ta, ba laifinka ba ne."

Nata'ala har da ajiyar zuciya. Ya ce ya yarda, ragon ya zauna inda wutsiya take har Sallar baɗi, shi dai a bar masa sauran butarsa. Gajere ya tambaya, abin da ke zubowa daga ƙarƙashin wutsiya fa, na wa ne? Malam ya ce na mai wutsiya ne. Haka Gajere ya samu takin gonarsa na bana a zauren malami.

Hanyar Mawashi ba daɗi. Hannu ɗaya keke, hannu ɗaya igiya, ga gero ya taso kore shar dama da hagu, ragon yana son ya gaisa da kowace gona. Gajere yana tafe yana tunanin abin da zai ce. Ya fita neman wutsiya busasshiya ya dawo da ɗanya, mai ƙafa huɗu. Miya ba nama, ƙarya ta tonu, matar da ta jira wata guda za ta ga ba abin da ta jira.

Ana shirin kiran magariba ya shiga gida. Rahamatu tana zaune a tabarma a tsakar gida, ta jingina da bango. Haulatu ta gaji da jira ta ajiye mata tuwon dawa da miyar kuka a gaba, ba a taɓa ba.

Gajere ya tsaya, ya share murya ya ce, "Ga wutsiyar nan. Ta taho da ragon."

Rahamatu ta dubi ragon, ta dubi mijinta, ta sake duban ragon. Kafin ta ce komai, Sarkin Ci ya fizge igiya ya nufe ta. Gajere ya ɗauka gaisuwa zai yi. Wace gaisuwa! Kai tsaye ya tsoma baki cikin kwanon tuwo.

Ta kai masa mari a hanci ta janye kwanon. "Kai, marar kunya. Ka je gidan mutane ka yi wuya, ni za ka bari in shiga shekara da yunwa?"

Ragon ya zagayo ta ɗaya gefen. Ta juya masa baya, ta gutsuri loma ta kai baki don kada ya riga ta. Ya leƙo ta kafaɗarta, ta ƙara wata. Ya ja gefen zanenta, ta ture shi da gwiwar hannu tana ci tana zaginsa, tana ambato duk ɓarnar da ya yi mata tun yana ƙarami. Haulatu ta tsaya da ludayi a hannu, ta kasa motsi. Gajere ya juya wai yana jingine keke, ya daɗe yana jingine shi, hawaye na zuba a kan sirdi.

Da ya juyo, kwano ya koma fayau, tana suɗe yatsa. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka ce da hannunka ka shafe ta da gishiri."

Ya ce, "Ruwan sama ya wanke."

Dariya ta kama ta har ta dafe wurin ɗinkin. Da ta lafa, ta miƙa wa ƙanwarta kwano ta ce, "Haulatu, ƙaro. Malam, kai kuma riƙe wutsiyarka da kyau har in gama."