Wa Ya Sace Zafin Ruwan Mama?

Tun ranar da kamfanin nan ya kafa injin haƙa a gindin dutse na ce akwai wata a ƙasa. Wai za su jawo tururi daga cikin ƙasa su ba tsibirinmu Dominika wutar lantarki, a daina sayo dizal daga waje. Tafi aka yi ta yi a taron da suka kira, ni kuwa hannuna na kan cinya. Ba wanda zai zura bututu a ƙarƙashin ƙafarka ya ce ba abin da ya ɗauka.

Abin da Mama ta bari shi ne idon ruwan zafi a bayan gidana, mai warin farar wuta. Baƙi na zuwa su jiƙa gwiwoyinsu, da shi nake ci. Da, in ka tsoma ƙafa sai ka yi ƙara. Bara ya fara hucewa, har wata baƙuwa ta tambaye ni ko na manta ban kunna ba. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya.

Ƙanwata Verna, da gidanta ke sama da nawa, ita ta fi ni zafi.

"Yaya Eudora, ai su ne! Sun tsotse mana ƙasa kamar rake. Kar ki bari ma su tako miki gida."

Ban ji maganarta ba. Na je ofishinsu na zage su tas, washegari suka turo wata injiniya, Clemencia Laronde, siririya da ƙaton takalmi. Ban ba ta kujera ba. Ta tsoma ma'aunin zafi a ruwan, na tsaya a kanta ina kallon yatsunta, don na san irinsu da wayo.

"Inna Eudora, rijiyarmu ta yi nisa ƙasa da wannan ruwan ƙwarai. Amma ya ragu, gaskiyarki. Mu bi shi sama mu gani?"

"Mu je, 'yar nan. Ina bayanki, kar ki jefa komai a ciki."

Muka kutsa cikin gonar ayaba, laka har idon sawu. Tana aunawa tana gaba, zafin na ƙaruwa. Can inda ruwan ke fitowa daga dutse ta durƙusa, ta ɗage ganyayen da aka jera da kyau. Baƙin tiyo ne mai kauri, an danne shi da duwatsu. Na ce to, ga shi, nasu ne! Ta bi shi da ido kawai. Ni ma na bi. Bai nufi wajen injinsu ba, ta ƙarƙashin shingen Verna ya shige.

Na ture ƙofar gidanta. Ga sabon kwarmin wanka na siminti yana ta tururi, an kewaye shi da langa-langa don kar a hango daga hanya. Verna na tsaye da tsintsiya. Ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Verna, ke ce? Ke da kika raka ni ina zagin mutane?"

"Ni ce, Yaya." Idonta na cikin nawa. "Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Mama kina cin ruwan nan ke kaɗai, ina jira ki tuna cewa ni ma ita ta haife ni."

Injiniyar ta tattara kayanta ta fita a hankali, ta ja mana ƙofa.