Kazar da Ta Ceci Mai Gangarmu

Ranar Asabar ɗin bikin Karnaval, da kowa a birnin Köln ya yi shigar burtu, zaure na bakwai ke nan da ƙungiyar kiɗanmu ta yi wasa tun safe. Da harshen garinmu muke waƙa, kuma a makon nan ko jariri ya haddace amshin. Muna tsaka da kiɗa sai Pitter mai ganga ya sulale ƙasa, tim.

Na ƙwala ihu a lasifika: "Akwai likita a nan?"

Likitoci goma sha ɗaya suka hayo dandamali da fararen riguna. Ɗaya direban bas ne, ɗaya mai gasa burodi, abin awonsu duk na roba. Jama'a kuwa sun sarƙe hannuwa suna rangaji, wai cikin wasan ne.

Can ƙasa wata mata cikin shigar ƙatuwar kaza tana kokawa da mai gadin dandamali.

"Kauce, ɗan nan! Shekara ashirin ina tiyata a asibiti!"

"Haba inna, kaji ba sa hawa dandamali."

Ta bangaje shi ta hau, ta yi ta danna ƙirjin Pitter da fukafukai har ya farfaɗo. Ɗan banzan ya buɗe ido, ya ƙare mata kallo, ya ce a kira masa likita.