Kada Ka Yi Numfashi a Kansa

…kuma wai "mai zafi" suke ce masa. Zafi! Abin da sai an tsoma shi a ruwan naitirojin, sanyin da ke mai da ayaba guduma, sannan lantarki ya bi cikinsa ba gardama. Masu digiri ke nan. Shi Luvuyo da ya bar makaranta a aji huɗu — ba su suka kore shi ba, shi ya kore su — duk ɗakin gwajin nan wa ya kai shi sanin tanda? Wa?

Ga abin a bakin hantsaki. Ɗan baƙin shafe a kan ɓallin dutse, bai kai farce ba. Na arba'in da ɗaya. Na Zimkhitha, ɗalibar Farfesa. Arba'in sun ƙi.

"Bhuti, don Allah kada ka yi numfashi a kansa. Danshi kaɗan, ya mutu."

Gargaɗinta na ranar farko ke nan — bhuti take ce masa, wato yaya a yarensu, shi kuma ya ce mata sisi, ƙanwa. Ranar da ya daskarar mata da fanke, ta saki, ya tarwatse kamar kwalba, ta bi shi da takalmi har bakin ƙofa. "Ƙaton banza!" Tana dariya… wannan dariyar, har da ɗan tari a ƙarshe…

Yanzu tana Suwidin, sabon aiki. Wannan kaɗai ya rage mata a digirin. In aka sanyaya shi layin allo ya gangara ya kwanta a sifili, shi ke nan, "na gode, bhuti" a waya, me zai sake kawo ta nan Stellenbosch? In ya ƙi kuwa — Farfesa ya ce dole ta dawo. Wata uku. Wata uku! Kujerar can, kofinta mai tsagaggen baki da ya hana kowa taɓawa…

Huci ɗaya. Haa. Kamar mai goge madubi. Wa zai sani? Ai ya yi tsiyar da ta fi wannan, a tambayi Farfesa yadda takalminsa ya manne da ƙasa.

To amma wa ya tsaya yini guda yana hucar da shi cikin iskar oksijin, sannu-sannu, kamar mai lallashin jariri? Mahaifiyarta can garinsu Mthatha har ta ɗinka rigar zuwa bikin yaye…

Ya kawo shi dab da leɓe. Ƙirji na masa zafi. Me ya…? Ashe tun da ya ciro shi daga akwatin ajiya bai saki numfashi ba.

Ina riƙe, sisi. Ina dai riƙe. Ban san zuwa yaushe ba…