Sifili a Ajin Malama Ostrander

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe a sakandaren garin ya san ba ya fita sai ya bi ta hannun Malama Ostrander. Ita ke koyar da adabin Birtaniya, kuma ta daɗe a kai, har rabin iyayen 'yan ajin sun taɓa zama a gabanta. Gajeriya ce, furfura ta gama kanta, ba ta ɗaga murya ga kowa. A wannan lungu na jihar Indiyana ta Amurka, daga nan har inda gonakin masara suka ƙare, in aka ce "Malama" kawai, an san wa ake nufi.

Ranar farko ta shekara ba ta koyar da komai sai dokokinta. Waya a kwando a bakin ƙofa. Littafi a hannu kullum. Aikin da ya makara za a rage masa maki, ko mota ce ta mutu a hanya, ko kwamfuta ce ta yi gardama.

"Sai babbar dokar," in ji ta. "Wanda ya ɗauki rubutun wani ya sa sunansa a kai, sifili ne. Zan kira iyayensa, zan sanar da ofis, kuma ba na jin roƙo."

Colby Yoder, mai bakin ajin, ya ɗaga hannu. "Malama, to in mai rubutun ya daɗe da zama ƙasa fa? Wa zai kai ƙara?"

"Ni," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Haka babanka ya tambaye ni, haka na faɗa masa."

Tessa Hostetler ta yi dariya tare da kowa, don dokar ba ta shafe ta ba. Ita ce 'yar shugaban makarantar, Malam Dale Hostetler, kuma tun tana ƙarama ta san idon kowa na kanta. Mahaifiyarta ta rasu a bazarar da ta wuce bayan doguwar jinya, gidan ya rage daga ita sai babanta.

Babban aikin zangon shi ne dogon sharhi a kan tsofaffin waƙoƙin makoki na Ingila. Tessa ta fara shi kamar yadda ake fara aikin makaranta, sai abin ya ƙwace mata. Ta tsinci kanta tana rubuta jana'izar mahaifiyarta, da kwanukan taliya da cuku da maƙwabta suka cika firji da su, da yadda babanta bai zubar da hawaye ko ɗaya ba, ya ɗaura nakatai a wuya ya koma ofis ran Litinin. Ta auna wannan da abin da mawaƙan suka ce game da rashi, ta yarda da wasu, ta ƙaryata wasu. Ran Lahadi ta tura aikin ta shafin makaranta daga kwamfutar gida, ta tafi shagon sayar da abincin fiza inda take aikin ƙarshen mako.

Ana gab da hutun bikin godiya da ake yi a ƙarshen Nuwamba, Malama ta tsayar da ita bayan an tashi. Ta jira kowa ya fita, ta rufe ƙofa, ta ajiye takardu a kan tebur. Sunan Tessa na sama. Ƙasa da shi an shafe layuka da alƙalami rawaya, shafi bayan shafi.

"Duk inda kika ga rawaya, daga wani shafin intanet aka kwaso shi, ko waƙafi ba a canja ba. Karanta mini farkon."

Tessa ta ɗauka ta fara karantawa. Ba ta kai ƙarshen jimlar farko ba ta tsaya. Ta juya shafi, ta sake juyawa. Babu jana'iza, babu firji, babu kalma ɗaya tata.

"Malama, wannan ba nawa ba ne."

"Na sani. Shi ya sa muke zaune."

"A'a, ina nufin ban taɓa ganinsa ba. Ba shi na turo ba."

Malama ta sha jin irin wannan, amma wannan karon ba ta yi saurin yanke hukunci ba. Ta buɗe kwamfutarta ta duba. An turo aiki ran Lahadi da rana, an janye shi da yamma, an sa wannan a gurbinsa.

"Ina kike ran Lahadi da yamma?"

"Ina wurin aiki."

"Wa ke iya shiga da sunanki?"

Tessa ta sake duban takardar. Idonta ya sauka a sakin layi na ƙarshe, wanda babu rawaya a kansa. Ya fara da "A taƙaice dai, 'yan uwa, abin lura a nan shi ne". Duk ɗalibin makarantar ya san wannan jimla, da ita babanta ke rufe jawabinsa a kowane taro, har Colby na kwaikwayonsa a motar makaranta. Ta gane wanda ya yi. Ta dafa tebur.

"Ni ce," ta ce da sauri. "Ni na yi. Ki ba ni sifilin."

"Yanzu kika fara yi mini ƙarya," in ji Malama. Ta tattara takardun. Ita ma ta gane jimlar. "Doka ta ce a kira iyaye. Tashi, ba nisa."

Suka bi dogon baranda, suka wuce akwatunan ɗalibai da kofunan ƙwallon kwando da ke cikin gilashi. Malam Hostetler na cin burodi da nama a kan teburinsa. Ya ga 'yarsa ya yi murmushi, ya ga takardun, murmushin ya tsaya a inda yake.

"Malama Ostrander, lafiya?"

"Dale," ta ce. Tun da ya zama shugabanta ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. "An kawo mini rubutun sata da sunan 'yarka. Ba ita ta kawo ba."

Ya ajiye burodin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya soma magana da muryar taro. Wai ya duba aikin ne kawai ya ga bai bi ƙa'ida ba, ya ga labarin gida ne ba sharhi ba, ga maganar tallafin karatun jami'a, makin nan na iya hana ta. Wai ya so ya gyara, lokaci ya ƙure, ya ɗan nemi taimako a intanet.

"Ɗan taimako," in ji Malama. "Ni na koya maka wannan darasin, a wancan ɗakin."

Tessa na tsaye tana kallonsa kamar baƙo. Wannan mutumin ne ya dakatar da ɗalibai a kan abin da bai kai haka ba, ta sha jin iyayensu na roƙo a ƙofar gidansu.

"Baba, ina nawa?"

"Na goge shi."

"Saboda maki?"

Da ya sake magana, muryar taron ta tafi.

"Kin rubuta ban yi kuka ba. Kin rubuta na koma aiki ran Litinin. Malamaina za su karanta, Tessa."

"Ka karanta har ƙarshe?"

Bai karanta ba. A shafi na biyu ya tsaya. Bai kai inda ta rubuta cewa kullum in ya dawo yakan shiga motar mahaifiyarta a gareji ya zauna, ba ya tayar da ita, ita kuma tana ganinsa ta tagar kicin, ba ta taɓa fita ba don kada ya daina. Ta faɗa masa haka a gaban Malama, ba tare da ta kalle shi ba. Ya rufe fuska da hannu biyu.

Malama ta bari ya ɗago. "Doka ta ce in sanar da ofis. Ofis kuwa kai ne. Ko dai ka kira hukumar makarantu da kanka, ko ni in kira."

Shi ya kira, a ranar. Kafin hutu ya ƙare babu wanda bai ji ba, daga coci har gidan mai. Hukuma ta dakatar da shi, da zangon ya ƙare ya ajiye aikin, ya samu wani a kamfanin irin shuka da ke bakin babbar hanya. Colby Yoder, wanda kowa ya zaci zai samu abin yi na shekara guda, bai sake kwaikwayon jimlar ba.

Tessa na da kwafin aikinta a waya, don ta taɓa tura wa wata ƙawarta. Ta miƙa shi washegari. Da ya dawo, ta ga Malama ta cika gefen shafukan da rubutu, ta ce shi ne sharhi mafi gaskiya da ta karanta a shekarar, sannan ta rage mata maki na makara. Tessa ta tsaya baki buɗe.

"Malama, ai kin san na turo a kan lokaci."

"Na sani. Amma ranar da ya iso hannuna ita ce ranar da ya iso. In na ɗaga miki, gobe a ce don ke 'yar wane ce, kuma kin fi kowa sanin za a faɗa."

Tessa ta yi fushi da ita har sanyi ya wuce. Da babanta kuwa abin ya fi haka daɗewa. Suna cin abinci a tebur ɗaya, maganarsu ba ta wuce gishiri da makullin mota. Wata safiya ta tarar da sharhin a kan firji, an manna shi da maganaɗisu, gefen shafin ƙarshe ya lanƙwashe don yawan juyawa. Ba ta cire shi ba.

Tallafin da ta samu bai kai wanda suka sa rai ba, amma ya isa jami'ar jiha. Ranar bikin kammalawa wata sabuwar shugaba ce ta miƙa mata takardar shaida. Babanta na can sama a bencin iyaye, tsakanin wani manomi da wata kaka mai fifita da takardar tsarin bikin. A hanyar gida ya ce mata bai taɓa sanin ba a jin komai daga can baya ba, lasifikar ɗakin ba ta da kirki, da ya sani da tuni ya sa an canja ta.