Jar Riga a Kwanakin Makoki

Kwana talatin da takwas bayan rasuwar matarsa Madam Siew Lan, maigidana Foo Yoon Fatt, wanda muke kira Tauke, ya zo barga da hantsi cikin fararen kayan makoki, ya ce in shirya Teratai domin sukuwar ranar Lahadi. Na shekara talatin ina kula da dawakinsa a garin Ipoh, saboda haka na san abin da umarnin zai jawo. Teratai goɗiyar marigayiya matarsa ce. Ita ta zaɓo ta a Ostiraliya, ita kuma ta zaɓi jar rigar da mahayanmu ke sawa, kuma wannan ce sukuwar goɗiyar ta ƙarshe kafin a kai ta gona ta huta. A al'adar su Tauke kuwa, gidan da aka yi rashi ba ya nuna ja sai kwana ɗari sun cika.

Ba a jima ba sai ga yayansa Yoon Sang, babba a ƙungiyar dangin Foo, yana tsallake kashin doki da ƙyama.

"Ah Fatt, tsufa ne ya kama ka ko hauka?"

"Duka biyun, Yaya, amma a na farkon ka riga ni."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Dattawa sun zauna. In dole ne goɗiyar ta fita, mahayin ya sa baƙar rigar aro ta filin sukuwa. In ya sa ja, za a sauke ka daga shugabancin gidan tsofaffi."

Tauke ne ya gina wannan gida da ɗakin wankin ƙoda da ke gefensa, amma da sunan dangi aka rubuta shi.

"Siew Lan ba ta taɓa ganin dokinta ƙarƙashin rigar aro ba," in ji Tauke.

"Ta mutu, Ah Fatt. Ba ta gani."

"To don me muke ƙona mata tufafin takarda duk bayan kwana bakwai don su isa gare ta a lahira? In tana karɓa, tana gani."

Yoon Sang ya juyo gare ni. "Periasamy, kai ba za ka gaya masa gaskiya ba?"

"Yallaɓai, da doki na saba magana, shi yana ji," na amsa.

Ranar Lahadi Tauke ya tsaya cikin masu dawaki da fararen kayansa, mahayin ya fito da ja. Wasu daga danginsa suka juya masa baya. Teratai ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta zo ta uku. Duk da haka Tauke ya sauko, ya karɓi linzami daga hannuna, ya ja ta a hankali ta gaban rumfar 'yan kallo, abin da ba a yi sai ga dokin da ya zo na ɗaya.

Washegari ɗan aiken ƙungiya ya kawo takardar saukewa har barga. Tauke ya karanta a tsaye, ya naɗe ta, ya ce masa:

"Ka gaya wa dattawa na karɓa, kujerar tasu ce. Shinkafa da maganin tsofaffi kuwa za su iso ranar Alhamis kamar kullum. Wanda yake da ƙarfin halin mayar da su, ya tsaya a ƙofa da kansa."