Matar da Ke Kallon Yaƙi a Juye

A ajinmu na tsofaffi, magana biyu ake yi a kan Tsuyako. Wasu na cewa kanta na ja. Fujimaki kuwa, tsohon ma'aikacin gidan waya, cewa yake idonta ne ke yawo. "Matar da sai bara ta iya rubuta adireshinta," in ji shi, "ita ce za ta san yaƙin da aka yi shekara ɗari takwas da suka wuce?"

Kowace Alhamis da rana malaminmu Kuwabara kan ajiye mana kati a tebur: hoton wani tsohon yaƙi, sunan yaƙin kuma a bayan katin. Mu canka. Tsuyako ta ci sau bakwai a jere. Ita ke fara zuwa don ta dafa shayi, lokacin katunan na nan ba kowa. Kuma ba ta amsawa sai ta zagaya ɓangaren malam ta sunkuya. Ni ma na fara zargi.

Ran nan ta fita wanke kofuna, Fujimaki ya ce wa malam, "Sensei, ko ita ko mu."

Malam ya yi ta goge tabarau. A ƙarshe ya yarda a gwada ta. Fujimaki ya ɗauki hoton yaƙin Dan-no-ura, ya manna takarda a bayansa, ya rubuta Yashima, sunan wani yaƙin daban, da manyan baƙaƙe. In ta faɗi na ƙaryar, za a ce ta daina zuwa. Duk mun san tun rasuwar mijinta, nan kaɗai take fita.

Alhamis ta zo. An bar katin a saman sauran tun safe, don ta leƙa. Da aka ajiye shi, babu wanda ya taɓa shayinsa. Tsuyako ta zagaya, ta sunkuya.

"Dan-no-ura."

"Sake dubawa dai, Tsuyako-san," in ji Fujimaki, har da ƙara mata "san" na girmamawa.

"Kai za ka sake tabarau, tsoho. Ina doki a nan? A Yashima dawakai har cikin ruwa suke shiga. Wannan jirage ne zalla, jar tuta da fara." Ta miƙa hannu ta juya katin don ta nuna masa.

Ta karanta rubutun bayan a hankali, tana bi da yatsa. Ta sake karantawa.

"Wannan ba rubutun Sensei ba ne."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina na sunkuyar da kai, sai na ji bakina yana tambaya, "Me ya sa kike zagayawa?"

"A'a, ashe wannan ne? Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe wa maigidana yadi, yana zana mayaƙa a tutocin bikin yara maza na watan biyar. Shi ta wajen ƙafafunsu, ni ta wajen kawunansu. Yana zane yana gaya mini sunan yaƙin. Kafin tutocin su bushe masu su sun zo sun ɗauka. In na kalla daga inda kuke zaune, duk ɗaya nake ganin su." Ta ajiye katin. "Da kun tambaye ni ai."

Ta ƙulle littafinta a ƙyalle, ta nufi ƙofa, ta zauna tana sa takalmi. Fujimaki na ta murza murfin alƙalami. Sai da ta sa ƙafa ta biyu ya dafa tebur ya miƙe. Mutumin da kullum ke kukan ciwon baya ya rusuna har tabaransa ya zame.

"Tsuyako-san, ni na rubuta. Ni na ɓata miki suna a ajin nan. Ki yafe mini."